Shura a Gudanar da Makarantu: Nazari a Kan Da'awar Daidaita Ta da Shugabancin Haɗin Gwiwa

Tsakure

Ya zama ruwan dare a kundayen ɗalibai da takardun tarukan ƙara wa juna sani a ce abin da masana harkar ilimi na zamani ke kira shugabancin haɗin gwiwa shi ne shurar da Musulunci ya zo da ita ƙarni 14 da suka wuce. Wannan maƙala ta auna da'awar da ma'aunin fiƙihu da kuma abin da aka gani a makarantu. Ta amince cewa asalin maganar yana da gaskiya, sannan ta nuna giɓi uku da ke hana ta amfanar da makaranta: tsallake mas'alar ko shura tana ɗaure shugaba, rashin tantance waɗanda ake shawarta da abin da ake shawartarsu a kai, da ɗauko hukuncin makaranta daga babin siyasa alhali babin ijara da na waƙafi sun fi kusa da ita. Maƙalar ta ƙare da cewa shura ba ta gyara makaranta sai an mayar da ita rubutaccen sharaɗi.

1.0 Gabatarwa

Irin rubutun da ake magana a kansa yana da tsari guda da kusan kowane mai karatu ya sani. Marubuci zai fara da ma'anar shura a lugga da isɗilahi, ya kawo aya ta 38 a Suratus Shura da aya ta 159 a Suratu Ali Imrana, ya ba da labarin Badar da na Handaƙ, ya ce Musulunci ya riga Turawa, sannan ya rufe da kira ga shugabannin makarantu su riƙa shawartar malamai da iyaye. Babu kuskure a ko ɗaya daga waɗannan jumloli. Matsalar ita ce mai karatu yana rufe kundin ba tare da ya sami amsar tambayoyin da ke tada ƙura a makarantu ba. Idan mamallakin makarantar Islamiyya ya ƙara kuɗin makaranta a tsakiyar zango, shin iyaye suna da haƙƙin a ji ta bakinsu, ko kuwa alfarma ce ake yi musu? Idan malamai 9 cikin 10 suka ce littafi kaza ya fi ƙarfin 'yan aji uku, shugaba ya ce sai an koyar da shi, maganar wa za a bi? Idan an sallami malami ba tare da an saurare shi ba, ina zai kai kuka?

A kan irin waɗannan tambayoyi ne makarantu ke darewa gida biyu, malamai su kwashi ɗalibai su buɗe wata a unguwa ɗaya, iyaye su janye 'ya'yansu, haddar yaro ta tsaya a inda rigimar ta same ta. Rubutun da ya kira sunan shura amma bai taɓa su ba ya bar aikin da aka ɗauko shi dominsa.

2.0 Inda Da'awar Ta Dace

Adalci ya wajabta a fara da abin da masu wannan ra'ayi suka dace a kai. Shawara ginshiƙi ce a shugabancin Musulunci, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kanta. Ƙurɗubi ya naƙalto a tafsirinsa daga Ibnu Aɗiyya cewa shura tana cikin ƙa'idojin shari'a, har ma shugaban da ba ya shawartar ma'abuta ilimi da addini wajibi ne a tsige shi. A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa lizimtar shawara cikin tushe 5 na mulki a Kitabul Farƙi, tare da hana mulki ga mai nemansa, da barin kaushin hali, da adalci, da kyautatawa.

Haka kuma akwai kamanni na gaskiya tsakanin wannan da abin da masana ilimi suka gano. James Spillane, a littafin da ya fitar a 2006 kan rarraba jagoranci, ya nuna cewa jagorancin makaranta yana faruwa ne a mu'amalar yau da kullum tsakanin shugaba da malamai da yanayin aikinsu, don haka duba halayen shugaba shi kaɗai ba ya bayyana dalilin ci gaba ko koma baya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u (1793–1864), wadda ta naɗa jajis, ta ba kowace malfa da rawani alamar izini, suka kai karatu ƙauyukan da ita ba za ta iya zuwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma magabata sun yi aiki da haka a fagen ilimi. Sai dai kamanni abu ne daban, daidaito abu ne daban, kuma daga nan ne giɓin ya fara.

3.0 Giɓi na Farko: Shin Shura Tana Ɗaure Shugaba?

Tsarin zamani, a mafi ƙarfin siffarsa, yana raba iko ne a dokance: kwamiti yana da abin da shugaba ba zai iya zartarwa ba sai da amincewarsa. A fiƙihu kuwa malamai sun yi saɓani a kan ko sakamakon shura mai ɗaurewa ne ko mai haskakawa ne kawai. Masu cewa ba ta ɗaurewa sun kafa hujja da cewa ayar Ali Imrana ta jingina azama ga shugaba bayan an gama shawara, da sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira wanda aka ƙulla duk da ƙin da Sayyidina Umar da wasu suka nuna, da tsayuwar Sayyidina Abubakar a kan yaƙar masu hana zakka da tura rundunar Usama. Wannan ita ce fahimtar da Ramadan Albuɗi ya tafi a kai a Fiƙhus Sira. Masu cewa tana ɗaurewa, irin su Yusuf Alƙardawi, sun kafa hujja da Uhudu a shekara ta 3: Annabi (SAW) ya fi son a tsaya a cikin Madina, amma da ya ga rinjayen masu son a fita sai ya fita. Sun ƙara da cewa Hudaibiyya al'amari ne na wahayi, kuma Sayyidina Abubakar bai zartar ba sai da ya gamsar da sahabbai. Taufiƙ Asshawi ya yi ƙoƙarin raba gardamar a littafinsa Fiƙhus Shura wal Istishara, inda ya bambanta shurar jama'a mai ɗaurewa da neman shawarar da mutum ke yi a abin da yake hurumin kansa.

Marubucin da ya ce shura ita ce shugabancin haɗin gwiwa ba tare da ya ambaci wannan saɓani ba ya bar ƙofa a buɗe ga kowa. Shugaba mai kama-karya zai karanta kundin ya ce ya yarda, domin shi ma yana kiran taro kowane zango, yana sauraro, sannan ya aikata abin da ya riga ya ƙudurta. Malamai su ma za su karanta su ce sun yarda, suna nufin ƙuri'arsu ta ɗaure shi. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma ranar da kuɗi ko kora ta taso sai kowa ya zargi ɗan'uwansa da saɓa wa Alƙur'ani.

Akwai kuma darasin da ake yawan tsallakewa a ayar Ali Imrana. Ta sauka ne bayan Uhudu, wato bayan shawarar da aka bi ta ƙare da shahadar sahabbai kusan 70. Duk da haka umarnin ci gaba da shawara ya zo, kuma ya zo ne bayan ambaton tausasawa da yafewa da nema musu gafara. Ma'ana, mummunan sakamako ba hujja ba ne na rufe ƙofar shawara, kuma mutumin da ke tsoron shugabansa ba ya ba da shawara ta gaskiya. Malamin da albashinsa da ci gaban aikinsa ke hannun mutum ɗaya, ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, zai zauna a taro ne a matsayin ɗan amshin Shata. Kundin da bai yi maganar tsaron aikin malami ba bai gama maganar shura ba.

4.0 Giɓi na Biyu: Su Wa, Kuma a Kan Me?

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar shura a matsayin tara kowa a kan komai. Magabata ba su fahimce ta haka ba. Ƙurɗubi ya naƙalto daga Ibnu Khuwaizi Mandad cewa shugabanni suna shawartar malamai a al'amuran addini, manyan sojoji a al'amuran yaƙi, manyan jama'a a maslahohin jama'a, sannan marubuta da wazirai da gwamnoni a abin da ya shafi raya ƙasa. Kowace mas'ala tana da mutanenta.

Sira ta tabbatar da wannan. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, lokacin da aka yi tunanin ba Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye, waɗanda aka nema su ne Sa'adu ɗan Mu'azu da Sa'adu ɗan Ubada, shugabannin Ausu da Khazraju, domin dukiyar mutanensu ce za a bayar. Da suka ƙi, sai aka bar maganar. Labarin Hubabu ɗan Munziru a Badar, wanda marubuta suka fi so, malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, kuma ya kamata mai nazari ya faɗi haka. Amma ko a yadda malaman sira suka kawo shi, abin lura shi ne ya fara tambaya ko masaukin wahayi ne ko dabarar yaƙi, wato ya fara tantance hurumin shawara kafin ya ba da ita. A Hudaibiyya kuwa shawarar Ummu Salama ce ta warware tsaikon da aka shiga wajen yanka da aski, abin da ya isa ya zama tambaya ga makarantun da mafi yawan ɗalibansu da malamansu mata ne amma babu mace ko ɗaya a kwamitinsu.

Mafi cikar misali shi ne na Sayyidina Umar a Sarga, lokacin da labarin annoba a Sham ya riske shi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari. Ya kira Muhajirai na farko, suka saɓa. Ya sallame su ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Sannan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Ya sanar da komawa, Abu Ubaida ya yi masa inkari a fili, ya ba shi amsa, daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya tabbatar da hukuncin. A nan akwai rukuni-rukuni, da sauraron kowane rukuni shi kaɗai, da yanke hukunci, da damar inkari, da miƙa wuya ga nassi. Haka nan a shekara ta 23 ya ƙayyade mutum 6 ya ba su kwana 3. Shurarsa tana da adadi, tana da wa'adi.

Idan aka ɗora wannan a kan makaranta, za a ga cewa zaɓen littafi da tsara jadawali da auna ɗalibai hurumin malamai ne, kuɗin makaranta da lokutan zuwa da tashi da tsadar walimar sauka suna buƙatar iyaye, abin da ya shafi hukuncin shari'a kuwa ba a kaɗa masa ƙuri'a. Cakuɗa waɗannan yana haifar da ɓarna iri biyu: ko dai iyaye su riƙa tsoma baki a makin jarrabawa, ko kuma a yanke musu kuɗi a bayan idonsu.

5.0 Giɓi na Uku: Babin da Aka Manta

Wannan shi ne giɓi mafi girma, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Kusan dukkan hujjojin da ake kawowa daga babin imamanci da yaƙi suke, alhali shugaban makaranta ba halifa ba ne, kuma iyaye ba talakawansa ba ne. Alaƙarsu ƙulla yarjejeniya ce. Wurin da Alƙur'ani ya ambaci shawara a kan yaro kai tsaye shi ne aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka rataya yaye jariri kafin cikar shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Abin mamaki ne a ce ba kasafai ake ganin wannan aya a rubutun da ya shafi tarbiyyar yara ba.

Malikiyya suna da gado na musamman a nan. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan (ya rasu a 256 bayan Hijira) ya rubuta Adabul Mu'allimina, Alƙabisi (ya rasu a 403) ya faɗaɗa shi a Arrisalatul Mufassala. A wurin Ibnu Sahnun malami ɗan ijara ne ga iyaye, kuma daga wannan asali hukunce-hukunce suka fito: ba ya wuce bulala 3 wajen ladabtarwa sai da izinin uba, ba ya aiken yara buƙatun kansa, ba ya tsawaita musu hutun sauka sai da izinin iyayensu gaba ɗaya. Wannan ya fi shawara ƙarfi, domin izini ne da ake nema daga mai haƙƙi. Haka nan makarantar da aka gina da filin waƙafi ko gudummawar jama'a, mai kula da ita nazir ne, amintacce, sharuɗɗan mai waƙafi suna ɗaure shi, kuma ana iya neman ya ba da lissafi. Sau da yawa ana ganin makarantar da jama'ar unguwa suka tara kuɗin bulo da kwano, bayan shekaru ta koma gadon iyalin wanda ya fara jagorantarta, saboda ba a taɓa rubuta matsayinsa ba.

Amfanin komawa waɗannan babuka shi ne suna warware saɓanin da aka ambata a sashe na 3.0 ba tare da an jira malamai su daidaita ba. Ko wanda ke ganin shura ba ta ɗaure imami ya yarda cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu matuƙar ba su halatta haram ko haramta halal ba, kuma aya ta farko a Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alƙawura. Saboda haka idan kundin tsarin makaranta ya ce ba a ƙara kuɗi sai da amincewar kwamiti, wannan ya ɗaure shugaba ta hanyar sharaɗi, kowace fahimta ya ɗauka a mas'alar shura.

6.0 Abin da Gwaji Ya Nuna

Masu da'awar suna kuma ɗaukar cewa kafa kwamiti yana gyara karatu kai tsaye. Abin da aka gani a ƙasashe bai goyi bayan wannan sauƙaƙawa ba. A birnin Shikago na Amurka, dokar 1988 ta kafa wa kowace makarantar gwamnati majalisa mai iyaye 6, wakilan unguwa 2, malamai 2 da shugaban makaranta, ta ba ta ikon zaɓen shugaba da amincewa da kasafin kuɗi. Doka ɗaya ce, amma sakamako ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Anthony Bryk da Barbara Schneider, a littafinsu na 2002, sun gano cewa makarantun da aminci ya yi ƙarfi tsakanin shugaba da malamai da iyaye su ne suka fi samun ci gaba a karatu da lissafi. Wannan ya yi daidai da jerin da ayar Ali Imrana ta zo da shi, inda tausasawa ta riga shawara.

A Jamhuriyar Nijar an kafa kwamitocin gudanar da makarantu da a lokacin ake kira COGES, kuma shirin da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya dage a kan zaɓen wakilai ta ƙuri'ar sirri da tsara aikin shekara a gaban taron gari. Binciken Elizabeth Beasley da Elise Huillery a kan tallafin kuɗin da aka ba irin waɗannan kwamitoci ya nuna cewa iyaye sun ƙara himma kuma an gyara gine-gine, amma sakamakon jarrabawa bai tashi ba, kuma zuwan malamai aiki bai inganta ba. Iyaye sun so, sai dai ba su da iko a kan malami, ba su kuma da hanyar auna abin da ke faruwa a cikin aji.

A Nijeriya, bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, an umarci makarantun gwamnati su kafa kwamitin da aka fi sani da SBMC, mai wakilan malamai da iyaye da ɗalibai da mata da sarakuna da malaman addini, kuma shirin ESSPIN ya horar da su a jihohi 6 da suka haɗa da Kano da Jigawa da Kaduna. Amma ɗaukar malami da tura shi da biyansa suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ta ƙaramar hukuma. Kwamiti zai iya gyara rufi ya shawo kan uba ya mayar da 'yarsa aji, kuma wannan alheri ne babba, amma abin da ya fi tasiri a karatu yana wajen huruminsa. An ba shi nauyi, ba a ba shi iko daidai da nauyin ba.

7.0 Kammalawa

Da'awar daidaita shura da shugabancin haɗin gwiwa ta yi amfani wajen nuna wa shugabannin makarantun Musulmi cewa shawara ba baƙuwa ba ce a addininsu. Wannan mataki an riga an wuce shi. Abin da ake buƙata daga masu nazari yanzu shi ne su sauko daga yabon ƙa'ida zuwa tsara aiki da ita. Kowace makaranta tana buƙatar rubutaccen kundi da zai fayyace matsayin wanda ke kanta, ko mamallaki ne, ko nazir, ko wakilin ƙungiya. Kundin ya raba mas'aloli gida uku: waɗanda shugaba ke zartarwa shi kaɗai don aiki ya tafi, waɗanda sai ya saurara kafin ya zartar kuma ya bayyana dalilinsa idan ya saɓa, da waɗanda ba sa zartuwa sai da amincewar kwamiti, irin su kuɗin makaranta da sallamar malami da sayar da kadara. Ya ambaci yadda ake zaɓen wakilai da wa'adinsu, ya tanadi kujerun mata, ya wajabta rubuta bayanin kowane taro da karanta lissafin kuɗi a gaban iyaye sau ɗaya aƙalla a shekara. Sannan a riƙa gabatar wa kwamiti da abin da yara suka iya a karatu da hadda da lissafi, domin shawara a kan abin da ba a sani ba zato ne.

Ga ɗaliban da ke neman maudu'in bincike, fili a buɗe yake: a tattara kundayen tsarin makarantun Islamiyya na gari guda a auna su da babin ijara da waƙafi, a bibiyi dalilan rabuwar makarantu, a fassara Adabul Mu'allimina zuwa Hausa tare da ta'aliƙi. Irin wannan aiki zai ba uban da aka ƙara wa kuɗi da malamin da aka sallama amsar da maimaita labarin Badar bai ba su ba. Allah shi ne mafi sani.